Turmi Huɗu da Yadi Ɗaya

Idan ka shiga Kasuwar Kure ta wajen masu atamfa, ka bi layin teloli har ƙarshensa, za ka iske wani ɗan shago mai shuɗin labule. Nan Badaru tela yake. A duk layin shi kaɗai ya rage da keken ƙafa. Sauran sun koma na lantarki, kuma ranar da aka ɗauke wuta sai ka gan su a bakin ƙofa suna hamma, shi kuwa kekensa na ta tafiya, taka-taka-taka, kamar yayyafi a kan kwano. Shekaru masu yawa shi ke yi mini ɗinki, saboda haka na daɗe da saninsa a zaune kafin in san shi a cikin ruwa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gemunsa ya soma fari daga tsakiya. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa. Ko masallaci za shi sai an tuna masa. Abu biyu aka san shi da su a kasuwar. Na farko, bai taɓa saɓa alkawari ba, har na ɗinkin Sallah, abin da ya sa 'yan'uwansa teloli ke cewa yana ɓata musu sana'a. Na biyu, duk rigar da ta fito daga hannunsa, idan ka juya cikinta, za ka ga ya bar rarar yadi kamar faɗin yatsu biyu, ya ninke ta ya ɓoye a ɗinkin gefe. Ba ya gaya wa mai riga. Sai ranar da mutum ya dawo yana kukan riga ta matse shi, Badaru ya ɗauki reza ya farke gefen, riga ta buɗe kamar dama jira take.

"Ba wanda ke zama yadda aka auna shi," in ji shi. "Ko ya yi aure, ko ya samu muƙami."

A Wushishi aka haife shi. Kakansa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi yankin, da aikin ya ƙare ya zauna ya kama noman shinkafa. Badaru ya tashi kogi na bayan gidansu, kuma bai tuna ranar da ya koyi iyo ba, kamar yadda mutum ba ya tuna ranar da ya koyi tafiya. Abin da yake tunawa shi ne sanyin ruwan safiya a ƙirji, da yadda suke ɗaure riguna a ka su haye, da yadda suke bin shanun Fulani idan za su ƙetare. Abokin duk wannan shi ne Garuba, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Ɗan mace da ɗan namiji ke nan, taubasai, waɗanda al'ada ta ba izinin su yi ta tsokanar juna har tsufa. Garuba ya zauna da ruwa, ya zama masunci mai kwalekwalen kansa. Badaru kuwa yana saurayi aka kawo shi Minna koyon ɗinki, daga nan ruwan da ya sani bai wuce na bokiti ba har fiye da shekara talatin.

Keken ne ya mayar da shi. Da ya haura hamsin, baya ya riƙe, gwiwoyi suka soma ƙara idan zai tashi daga sujada. Likita ya duba shi ya ce yana bukatar motsa jiki irin wanda ba ya ɗora wa gwiwa nauyi, sannan ya tambaye shi ko ya iya iyo. Badaru ya yi dariyar da ta sa wata nas ta leƙo.

Akwai wani ƙaramin otal a kan hanyar Bosso da yake ɗinka wa labulaye da rigunan ma'aikata. A bayansa akwai wurin ninƙaya, kuma mai kula da wurin wani matashi ne mai fara'a, Gabriel, wanda ya koyi Hausarsa a tasha. Suka shirya Badaru ya riƙa zuwa bayan sallar asuba, kafin baƙi su tashi. Ya ɗinka wa kansa baƙin wando mai tsuke jiki wanda ya sauka ƙasan gwiwa. Ranar farko ya tsaya a baki yana kallon ruwan, shuɗi, mai kusurwa huɗu, ana ganin ƙasansa.

"Gabriel, wannan ai baho ne."

"Baba Tela, shiga tukuna. Baho ya sha manya."

Ya shiga. Ya gaya mini cewa da ruwan ya rufe kunnuwansa, hayaniyar shekara talatin ta ɗauke lokaci guda. Hannu ya miƙe da kansa, ƙafa ta tuna abin da kai ya manta. Ya ce ji ya yi kamar ya koma tsohon gidansu ya tarar ba a taɓa komai ba, har tabarmarsa na inda ya bar ta. Bayan 'yan watanni baya ya sake shi, gwiwa ta yi shiru, ya soma rera waƙa a kan keke. Matarsa Rabi'atu ba ta ga laifin abin ba. Ta je sau ɗaya ta leƙa, ta ga ana hango ƙasan ruwan, ta ce to, wannan ba komai.

Ana nan, da damina ta yi nisa, sai Garuba ya shigo kasuwa da kwandon banda a ka da labari a baki. Masunta da matasan wani ƙauye sun shirya gasar iyo a madatsar ruwan da ke bayan gari, da zarar ruwan sama ya ɗauke. Mita dubu ɗaya da ɗari biyar: a tafi har wurin wata tuta a tsakiyar ruwa, a kewayo ta, a dawo gaɓa. Doka ɗaya ce. Idan minti arba'in ya cika za a busa usur, duk wanda bai taka ƙasa ba kwalekwale zai tsamo shi. Kuma wa aka ba kwalekwalen?

"Ni ne nan," in ji Garuba, yana dukan ƙirji. "Na ji an ce kana wanka a bahon Turawa. Ka zo mana, bawana. Ban taɓa kama tarwaɗa mai gemu ba."

"Ɗan mace, ka manta wanda ya koya maka riƙe numfashi?"

"Na tuna. Yaro ne siriri. Wannan da nake gani buhun gero ne da tef a wuya."

Kafin Garuba ya fita daga layin, Badaru ya riga ya ce a sa sunansa.

A gida magana ta sauya. Rabi'atu ta ajiye muciya ta dube shi da kyau. Ba ta son ruwan da ba a ganin ƙasansa, kuma ta san shekarun mijinta ko da shi ya manta. Ta yi lallashi, bai ji ba. Sai ta kawo sharaɗin da ta yi zaton zai sa ya ja da baya.

"Malam, ka je. Amma idan aka tsamo ka a kwalekwale, to ruwa ne ya ce ya ishe ka. Daga ranar babu madatsa, babu otal. Ka koma zagayen unguwa da ƙafa kamar sauran dattawa."

"Na yarda."

"A gaban 'yarka ka faɗa."

"A gabanta na faɗa."

'Yar ita ce Zakiyya, autarsu, wadda ke karatun lissafi a jami'a can Bosso. Ta san halin mahaifinta: tun da ya furta, ko Rabi'atu da kanta ta janye ba zai janye ba. Idan usur ya riske shi a cikin ruwa, ya rabu da ruwa ke nan a karo na biyu, kuma wannan karon babu wata shekara talatin da za ta dawo da shi.

Washegari Zakiyya ta zauna da shi a shago ta yi masa bayani. Ta ce ba sai ya riƙa yin dogon nisan gaba ɗaya kullum ba kafin ya san ko zai isa cikin lokaci. Masu horar da 'yan iyo gutsuttsura abin suke yi. Mutum ya yi ɗan gajeren nisa, ya huta kaɗan, ya sake, ya sake, har sau goma. Idan lokacin kowane zubi ya tsaya wuri ɗaya bai hau bai sauka ba, wannan shi ne ainihin gudunsa. Sai a ninka shi da tsawon gasar, a ƙara wani abu a kai, domin a madatsa babu bangon da zai tokara ya cilla kansa, babu kuma hutu.

Badaru ya dakatar da keke. "Wato idan na san lokacin da riga ɗaya ke ci, na san ranar da zan gama ankon gidan biki."

"Haka ne, Baba."

"Sai in ƙara kwana ɗaya saboda masu zuwa hira."

"Shi ke nan ka gane. Abin da nake bukata yanzu shi ne tsawon wurin ninƙayar."

Gabriel bai san tsawon ba. Ya ce mai otal yana Abuja, magini kuma ba wanda ya san inda ya yi. Badaru ya ciro tef ɗinsa, ya dube shi, ya dubi bakin ruwan; kafin ya gama da wannan ɗan tef rana ta fito. Sai ya tuna a jakarsa akwai sabon turmin atamfa da Rabi'atu ta ba shi ya ɗinka mata, kore mai zanen ganyen gwanda. Turmi kuwa yadi shida ne, ko jariri a layin teloli ya san haka. Ya kama baki ɗaya, Gabriel ya kama ɗayan, suka shimfiɗa ta a gefen ruwa, suka ɗaga, suka matsa gaba. Sau huɗu suka shimfiɗa, ya rage ɗan guntu, Badaru ya auna shi daga hanci zuwa ƙarshen yatsa. Turmi huɗu da yadi ɗaya. Ya kira 'yarsa a waya.

"Ashirin da biyar cif."

"Madalla!" in ji Zakiyya. "Ashe ma daidai da wuraren gasa suka gina shi."

Ita a kanta mita take ji, domin ta karanta cewa haka ake gina irin waɗannan wurare. Shi kuwa tun da yake bai taɓa auna wani abu da mita ba. Ba ta tambaya ba, bai faɗa ba, kowa ya kashe waya yana murna.

Aka shiga horo. Ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, zubi ɗaya ke nan. Ya kama bango ya yi 'yan numfashi, ya sake tafiya. Ranakun hutu Zakiyya na zuwa a keke napep da wayarta tana riƙe masa lokaci, sauran ranaku Gabriel ke riƙewa, da ragar kwashe ganye a ɗaya hannun. Da farko lokacin yana tsalle-tsalle. Daga baya ya zauna a minti biyu da sakan ashirin, zubi na farko da na goma duk ɗaya, kamar ɗinkin da aka ja a kan layin alli. Na je kallo wata safiya. Ba ya fantsama ruwa irin na samari. Hannunsa shiga yake kamar allura, ya fito, ɗayan ya bi. Gabriel ya leƙa fuskarsa bayan zubi na ƙarshe.

"Baba Tela, kai ba ka haki ne? Jiya wani oga ya yi sau biyu, matarsa ya kawo masa kujera."

Badaru ya yi murmushi kawai, ya share gemu.

Zakiyya ta yi lissafinta. Zubi goma sha biyar ne tsawon gasar, ta ninka, ta ɗora abin da za a ɗora saboda rashin bango da rashin hutu. Ta ce zai taka ƙasa a minti talatin da bakwai. Rarar minti uku ke nan. Badaru ya ji daɗin maganar, ya ɗauki waya ya aika wa Garuba saƙon murya cewa ya zo da matashin kai, domin barci zai yi a kwalekwalen. Garuba ya mayar da amsa cewa ya riga ya sayi sabuwar tabarma da gishiri da yaji.

Ranar gasar ta faɗo Asabar, da hantsi. Madatsar ta cika ta batse, duwatsun da ke kewaye da ita sun yi kore, ruwan kuma shimfiɗe yake kamar shadda da aka goge. Mata sun kafa tandar masa a ƙarƙashin wani mangwaro. Can tsakiyar ruwa an ɗaure jar tuta a kan jarkoki, daga gaɓa ba ta fi barkono girma ba. Masu shiga gasar sun kai talatin, yawancinsu samarin masunta, jiki duk jijiya. Badaru na tsaye a cikinsu da baƙin wandonsa, tef na wuyansa, bai ma san yana nan ba.

Rabi'atu ta zo, ko da yake ta ce ba za ta zo ba. Ta sha ado da koriyar atamfarta mai ganyen gwanda, wadda ya ɗinka mata tun tuni. Gabriel ma ya nemi izini a wurin aiki ya zo. Yana hango ta ya washe baki.

"Madam, sannu! Kai, wannan zane na san shi. Shi ne ya auna mana ruwa!"

"Ya auna me?" in ji Rabi'atu.

"Ruwa, Madam. Ni na kama nan, Baba ya kama can. Sau huɗu."

Rabi'atu ta dubi zanen jikinta, ta dubi mijinta. "Malam! Shi ya sa na yi ta jin warin maganin ruwa, ka ce mini daga kamfani ne?"

"Cewa na yi mai yiwuwa daga kamfani ne."

Zakiyya ba ta yi dariya ba. Fuskarta ta sauya. "Baba, da atamfa ka auna?"

"Turmi huɗu da yadi ɗaya. Ko yanzu a sake aunawa."

"Ashirin da biyar ɗin da ka gaya mini, yadi ne?"

"To da mene ne?"

"Gasar da mita aka auna ta."

"Yadi da mita ai wa da ƙane ne."

Ta miƙa hannu ta zare tef ɗin daga wuyansa, ta juya bayansa, inda ƙananan lambobi suke, waɗanda ya shekara talatin yana gani bai taɓa karantawa ba. Ta ɗora farce a kan santimita ɗari, wato mita ɗaya, ta juyo da tef ɗin ta gefen da ya sani. Farcen ya wuce inci talatin da tara. Yadi kuwa a talatin da shida yake tsayawa.

Badaru ya ƙura wa tef ɗin ido. Da mita aka yi masa magana da ya yi gardama, amma inci yarensa ne. Inci uku da ɗoriya a hannun riga kawai, mai riga sai ya dawo maka da ita yana faɗa. Ga shi nan a kowane yadi, har sau dubu da ɗari biyar.

Zakiyya ta sake buga lissafin a waya. "Akwai kusan zubi ɗaya da rabi da ba mu lissafa ba. Baba, ya koma minti arba'in da rabi." Idonta ya cika. "Ni ce ban tambaya ba."

"Ni ne ban faɗa ba. Mun yi canjaras."

Rabi'atu ta matso kusa, ta rage murya. Faɗan atamfa ya tafi. "Malam, kar ka shiga. Wanda bai shiga ba, ba a tsamo shi ba. Alkawari bai faɗa kanka ba, jibi ka koma otal ɗinka lafiya lau."

Gaskiya ta faɗa, kuma ƙofa ce a buɗe. Na ga ya dubi ruwan, ya dubi jar tutar, ya dubi Garuba da ke tsaye a kwalekwale yana kaɗe sabuwar tabarma don kowa ya gani.

"Zakiyya, wannan lissafin da abin da na nuna miki kika yi shi?"

"Da me zan yi, Baba?"

"To. Riƙe mini tef."

Aka busa usur na tashi. Samari suka faɗa ruwa kamar an watsa tsakuwa, wurin ya yi fari da kumfa. Da kumfar ta lafa sai ga kan Badaru a can baya, yana tafiya da takunsa na kullum. Abin da ya faru a tsakiyar ruwa daga bakinsa na ji shi, na kuma ji daga bakin Garuba, labaran biyu kuwa sun yi kama da juna a wasu wurare. Badaru ya ce ruwan madatsa na da nauyi da ƙanshin laka, ba a ganin komai a ƙasa sai duhu mai ruwan ganye. Jikinsa ya saba duk bayan ɗan lokaci hannu ya taɓa bango; hannun ya yi ta nema, bango bai zo ba. Amma ruwan ya fi kama da na Wushishi, wannan kuma ya kwantar masa da rai.

Tun kafin a kai tuta wasu daga cikin samarin suka ƙone. Uku suka kama gefen kwalekwale suna haki, Garuba ya ja su ciki yana musu sannu. Badaru ya wuce su bai ɗaga kai ba. Da ya kewayo tutar, Zakiyya ta duba waya a gaɓa: an ɗan haura minti ashirin. Lissafinta na biyu na tafiya daidai, kuma ba ta taɓa ƙin lissafi ya yi daidai ba sai ranar.

Garuba ya kawo kwalekwale gefensa, yana tuƙi a hankali kamar mai rakiyar amarya.

"Bawana, ga tabarma na shimfiɗa. Na hana yaran nan zama a kai."

Badaru ya ɗago ya sha iska. "Minti nawa?"

"Ya wuce rabi. Ka shigo tun da mutuncinka, in ce musu kada ne ya biyo ka."

"Ɗan mace, matsa mini daga hanya."

Nan ya farke ɗinkin gefe. Duk safiyoyin nan a otal bai taɓa ba da ƙarfinsa duka ba. Ba ha'inci ya yi niyya ba. Hannunsa ne bai iya yanka yadi ƙarƙaf ba, a kan tebur ko a cikin ruwa. Ya ce ya tuna yadda yake taka keke ranar jajibirin Sallah, riguna bakwai na jira, masu su na zaune a benci suna kallonsa. Wannan takun ya kira, ya kuma zo. Daga gaɓa mun ga hannuwan sun soma sauri, ba fantsama, sauri kawai, kan allura na hawa yana sauka.

Waɗanda suka iso sun riga sun zube a kan ciyawa. Mutum biyu suka ƙara hawa kwalekwale. Ya rage kai ɗaya a cikin ruwa, mai farin gemu, da kwalekwale a bayansa kamar inuwa. Mai usur, wani malamin makarantar ƙauyen, ya ɗaga hannu yana kallon agogo. Masu masa suka bar tanda. Gabriel na tsalle yana ihu da yare uku. Zakiyya ta daina duba waya, ta naɗe tef ɗin a hannu tana ja kamar da shi za ta jawo mahaifinta.

Sai na ga koren zane ya wuce ta gabana. Rabi'atu ce, wadda ba ta son ruwan da ba a ganin ƙasansa, ta shiga madatsa har ƙwauri da takalmanta.

"Malam! Taka keken! Taka, Malam!"

Badaru ya ce ya ji ta. Garuba ya ce ƙarya ne, ba ya jin komai sai ruwa. Ko ma dai yaya ne, malamin ya kai usur baki, ya cika kumatu, idonsa na kan agogo, sai ga Badaru ya miƙe tsaye, ruwa iya cinya, yana tangaɗi kamar ɗan maraƙi sabon haihuwa. Ya yi taku uku ya dafa kafaɗar matarsa. Sannan usur ya tashi.

Shi ne na ƙarshe a cikin waɗanda suka iso da hannunsu, amma ihun da aka yi masa ya fi na wanda ya zo na ɗaya. Wannan karon ya yi haki, hakin da ya sa Gabriel ya tsaya a kansa yana gyaɗa kai cikin gamsuwa. Garuba ya ja kwalekwalensa gaɓa, ya naɗe tabarmar, ya ce wa jama'a su shaida shi ya koro shi, domin da ba don tsoron gishiri da yaji ba da yanzu tela na can yana hira da kifi.

"Kawo tabarmar," in ji Badaru daga kwance. "Tawa ce. Kai ka ce."

A hanyar komawa, cikin keke napep, Zakiyya ta juyo ta dube shi. Ta riga ta share ido, yanzu fushi take so ta yi, dariya na hana ta.

"Baba, ka ɓoye mini gudu."

"Rara ce."

"Lissafi ba ya aiki idan aka ba shi abin da ba shi ne ba. Ka ba ni yadi a maimakon mita, sannan ka ba ni rabin ƙarfi."

"Ba rabi ba. Yatsu biyu na bari."

"Baɗi duka za ka nuna mini."

"Baɗi?" in ji Rabi'atu, tana matse bakin zaninta. "Wa ya ce akwai baɗi?"

Badaru da Zakiyya suka dubi juna. Mai keke ya ƙara wuta.

Ranar Litinin, da ya dawo daga masallacin asuba, ya tarar da baƙin wandon a ninke a kan kujera, an wanke an shanya, da tawul a gefe. Rabi'atu na hura wuta ba ta juyo ba. Ta ce ya yi sauri kafin baƙin otal su tashi, kuma idan ya sake kusantar ruwa da atamfarta, to tsakaninsu ba sai an jira usur ba.

Har yanzu yana zuwa. Zakiyya ta sake auna wurin da igiyar awo ta magina, Gabriel ya samo fenti ya rubuta tsawon gaskiya a bango da manyan lambobi. Badaru na kallon rubutun duk safiya kafin ya shiga, ya gyaɗa kai, ya ce ya yarda. Amma idan baƙo ya tambaye shi tsawon bahon, sai ya ce turmi huɗu ne da yadi ɗaya, sannan ya cire tef daga wuya, ya rataye a kan kujera, ya zame cikin ruwa.